Gayyar da Aka Yi wa Damaris

Damaris jikar Mama Tamar ce, ita ce ta fara kai shekarar ƙarshe a jami'a daga unguwarsu, can bayan Kagoma. Soshiyoloji take karantawa. Kakarta ta gwada faɗin kalmar har ta gaji, in an tambaye ta a coci sai ta ce, "Karatun kallon mutane take yi. Abin da mu muke yi kyauta a bakin rijiya."

To, a shekarar ƙarshe ba a ba ka digiri sai ka yi furojet, wato ka shiga cikin mutane ka binciko abu ɗaya ka rubuta. Malamin da ke duba nata, Dakta Mijinyawa, duk batun da ta kawo sai ya ture. Ranar da ta koma ofishinsa, tsoro ya sa ta cafko abin da ta tuna na yarinta. Ta ce a garinsu har yau ana gayya, mata su taru da fartanyoyi su nome gonar wannan, gobe su koma ta waccan, ga waƙa ga kunu. Dakta ya cire tabarau ya ce yanzu ta yi magana. Ya amince, ya kuma ja mata kunne cewa babu sauran canji, in ba ta gama a zangon nan ba 'yan ajinta za su tafi bautar ƙasa su bar ta.

Daga Kafanchan ta hau acaba zuwa gida, tana leƙen gonaki. Ciyawa duk ta yi ja ta kwanta, ba mutum ko ɗaya a sunkuye.

"Kaka, yaushe ne gayyar bana?"

"Gayya? Ke daga wace shekara kika sauko? Yanzu feshin maganin ciyawa ake yi. Mai hali ya ɗauki 'yan ƙwadago. Gonakin nesa kuwa wa zai je, kowa na tsoron ransa? Gayya ta riga kakanki Silvanus shiga kabari."

Damaris ta ajiye cokali, faten ya huce a gabanta. Tsohuwa kuwa kun san ta, sai da ta tatsi labarin kaf.

Ran Lahadi bayan sujada, matan ƙungiyar Zumunta suka tsaya a coci, aka ce Damaris ta yi gaba ta ɗora ruwa. Da Mama Tamar ta dawo sai ta ce, tana kwance ɗankwali, ba ta ko kalle ta ba, "Af, tsufa! Na manta ashe akwai gayya ran Asabar."

Damaris ba yarinya ba ce, ta gane. Amma wanda ruwa ya ci, ko takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Ta ce, "To, Kaka."

Wahalar farko ita ce samun gona mai ciyawa, tunda kowa ya yi feshi. Sai ta Yemima, gwauruwa, wadda dawarta ta ɓace cikin ciyawa don ba mai yi mata. Mata suka fito da fartanyoyi masu tsatsa, kowacce da zanen Zumunta kamar za a taron gunduma. Waƙoƙin noma sun tsere musu, suka kama na coci. Damaris na biye da waya tana ɗauka.

Da aka zauna shan kunu ta fara tambayoyi. Ta farko ta ce, "Gayya gadonmu ne, ba mu taɓa bari ba, haɗin kai shi ne ƙarfi." Ta biyu ma haka, ko numfashi ba ta sauya ba. Da aka zo kan Mama Emilia, aminiyar kakarta, ta gyara zama.

"Gayya gadonmu ne, ba mu taɓa bari ba..." Ta waiga. "Tamar, mene ne na ƙarshen nan?"

"Ke dai kin ji kunya. Ayar haddacewa ma haka kike yi mana!"

Aka kwashe da dariya har da masu ƙwarewa. Damaris ma ta yi, amma da ta koma gida ta yanke wurin daga hoton, ta tura wa Dakta sauran. Rabin gonar aka nome ranar, rana ta kore su.

Da ma a ce ya ce ya gani, shi ke nan. Ina! Kira ya yi, murya cike da murna. Ya ce ya jima bai ga irin wannan ba, zai ɗebo 'yan aji uku a bas ran Asabar mai zuwa su gani da idonsu. Ta kuma faɗa masa gonar wa ke biye, da wadda ke bin ta, don zai so su dawo lokacin girbi.

Ta rasa inda za ta sa kanta. In ta faɗi gaskiya, shekara ta tafi, kuma ta mayar da iyayenta maƙaryata a idon baƙo. In ta yi shiru, sai an yi ta gayyar nan har girbi. Ta shiga ɗaki, ta fito, ta koma.

Mama Tamar ko a jikinta. "Abin da muka yi wa mutum ɗaya za mu yi wa bas. Sai dai a ƙara gero." Aka jiƙa gero, aka aika aron ganga, aka fara rabon wa za ta ce gonarta ce ta gaba.

Ana jibi su zo, aka aiki Damaris gidan Mama Emilia karɓo tukunya. Ta same ta kwance rub da ciki a tabarma, ɗaki na warin man zafi. Tun ranar noman ba ta miƙe sosai ba.

"Mama, ba za ki je ba."

"Wa ya ce? Zan ɗaure ƙugun da zane. Na kuma haddace, ji nan: haɗin kai shi ne ƙarfi." Ta yunƙura za ta nuna mata, ta koma tana cije leɓe. "Ke dai kawo mana takardar digirin nan mu taɓa."

Damaris ta bar tukunyar a nan. Ta wuce gindin mangwaron makaranta inda waya ke kamawa, ta kira Dakta.

"Sa, gayyar nan shirya ta aka yi. Domina."



"Kin sani lokacin da kika turo min?"

"Na sani, Sa."

Bai ɗaga murya ba. Ya ce zai sallami bas ɗin. Abin da ta tara kuwa ba zai karɓa ba, ta dawo zango mai zuwa su fara daga tushe.

Mama Tamar ta ji, ta ajiye muciya. "Mun sunkuya da tsufanmu, ke kin je kin kwance mana zane a gaban malami." Ba ta sake yi mata magana ba, ko addu'ar safe kowa da tasa.

Ran Asabar, gero ya riga ya jiƙa, dole aka dama kunun. Ana cikin tacewa Yemima ta yi sallama, ta tsaya a bakin ƙofa tana murza gefen zane.

"Mama, na ji baƙin sun fasa. Na ce... rabin nan da ya rage fa?"

Mama Tamar ta dubi kunu, ta dubi Yemima, ta ja tsaki. "Je ki kira su. Ki ce kowa ta zo da tsumman zanenta, ba mai kallo."

Ba duka suka zo ba. Mama Emilia dai ta sa aka kai ta a acaba, ta zauna a inuwa tana ba da umarni. Damaris ta fito da waya a hannu, kakarta ta tare ta a ƙofa.

"Mayar da abin nan ɗaki. Wannan ba na Daktanki ba ne."

Ta miƙa mata fartanya. Kafin rana ta take tsaka hannun Damaris ya yi bororo, ga kunya ta ƙi ƙarewa, wayar kuma na can kan gado, 'yan ajinta na ta maganar ɗinkin kayan yaye ɗalibai.

"Ke Soshiyoloji!" Mama Emilia ta ƙwalla daga inuwa. "Sunkuya da kyau, dawar kike sarewa!"