Jan Salatif da Shuɗi

Zuciyar ɓera ba ta fi kan ɗan yatsa ba, amma ita ta hana ɗalibar Farfesa sakat shekara uku cur. Kullum da safe sai ta rataye zuciyar a bakin siririn bututu, ta sanyaya ta da ƙanƙara har ta daina bugawa, ta bar ta awa huɗu. Daga nan a ɗumama ta a hankali, a zuba ido a ga ko za ta farka ko ta yi kwanciyarta ke nan. Ɗalibar ta kafe a kan cewa in aka zuba sinadarin kuzari, wanda tsoka ke ƙonawa ta yi aiki, a ruwan da ke ratsa zuciyar lokacin sanyin, za ta farka da ƙarfinta.

Farfesa kuwa haƙurinsa ya ƙare. Ya ce zukata arba'in suka rage mata, biyu kullum. In ba a ga bambanci ba, a rufe aikin, digirin kuma sai ta sake sabon lale.

Mai haɗa ruwan wani dattijo ne da kowa ke kira Baba, shekararsa talatin yana wanke kwalabe a ɗakin gwajin. Ƙa'idar aikin ita ce mai awo ba za ta san kwalbar da ke da sinadari ba, don kada son rai ya shiga lissafi. Saboda haka Baba kan ajiye mata kwalba biyu, ɗaya da jan salatif, ɗaya da shuɗi, sirrin kuma yana cikin ambulan a aljihun farar rigarsa.

Ba irin dabarar da ba ta yi ba. Ta yabi gilashinsa, ta tambayi lafiyar jikokinsa ɗaya bayan ɗaya, ta kawo masa shayi har da madara.

"Baba, ko da ido ne ka nuna mini. Ba wanda zai ji."

"Shayin ya yi daɗi, 'yata, Allah ya yi albarka," in ji shi. "Ambulan ma yana gaishe ki."

Ranar da ta gama zuciya ta arba'in, tun kafin a kira Farfesa ta ja littafinta bayan firji kamar mai satar nama a tukunya, ta ware ja gefe, shuɗi gefe. A ja, goma sha uku sun farka. A shuɗi ma goma sha uku. Ta sake ƙirgawa har sau uku, ko ɗaya bai motsa ba. Ko wace kwalba ce tata, ba ta tsinana komai ba ke nan. Ta zauna a kan akwatin ƙanƙara ta yi kukanta mai isarta, sannan ta rubuta wa Farfesa takardar ban haƙuri.

Da Farfesa ya shigo, ta miƙa masa takardar tun bai zauna ba.

"Ranka ya daɗe, ba sai an buɗe ambulan ba. Na riga na haɗa lissafin. Ja da shuɗi duk ɗaya ne."

Baba ya tuntsire da dariya har sai da ya dafa tebur. "Wa ya ce miki ja na jiya shi ne ja na yau? Kullum da safe murfin kwalba nake jefawa sama. In ya faɗi a rufe, sinadarinki ya sha ja. In ya faɗi a buɗe, ya sha shuɗi."

Ya zaro takardar, layi ashirin, kowace rana da launinta. Yana karantawa, Farfesa na rubutawa a allo, ita kuwa ta riƙe bakin tebur da hannu biyu. Cikin ashirin da suka sha ruwa zalla, tara suka farka. Cikin ashirin nata, goma sha bakwai.

Farfesa ya cire gilashi ya goge, ya mayar. "To, a ci gaba," ya ce. A bakinsa wannan kirari ne.

Bayan ya fita, murna da kunya suka haɗu suka rasa inda za su zauna a fuskarta. "Baba, ya aka yi ka san zan leƙa?"

"Ni ma a da ɗalibi ne a ɗakin nan, a wancan teburin," ya ce, yana naɗe hannun riga. "Na leƙa, ba wanda ya juya mini salatif. Na ga abin da raina ke so, aka soke aikin gaba ɗaya."

Sai ta cire agogonta ta ajiye, ta tsaya kusa da shi a bakin famfo, yana wankewa tana ɗaurayewa.