Minti Arba'in da Biyar

Karo na uku ke nan Safiyo, mai awon filaye, yana danna kalkuleta a ofis, amsar ta ƙi canjawa. Littafin awonsa ya nuna digiri sha biyu da minti arba'in da biyar. Shi kuwa ranar da ya kafa turakun katangar Yayarsa, 12.45 ya danna, ya sha'afa cewa minti sittin ke cika digiri, ba ɗari ba. Ai 12.75 ya kamata ya sa. Layi ya ɗan kauce, kafin ƙarshen mita ɗari katanga ta ci rabin mita a filin maƙwabci.

Shekara ashirin yana aikin, ga shi ya yi kuskuren 'yan aji ɗaya. Amma ba wannan ne ya sa kunya ta rufe shi ba. Jiya, da maƙwabcin ya tada jijiyar wuya, Safiyo ya juya kan tsohon da ke gina katangar, a gaban leburori.

"Na'ura ba ta ƙarya, Baba. Idonka ne ya tsufa."

Aka yi dariya. Nan take Yaya ta sallami tsohon.

Sai da rana ta take Safiyo ya same shi a bakin titi inda magina ke jiran aiki, zaune kan bulo, cokalin gininsa a cinya. Safiyo ya durƙusa da wandon ofis.

"Baba, ba kai ba ne. Ni na yi kuskuren lissafi."

"Na sani. Da na ja igiya na ga turakunka sun bar dutsen iyaka. Na yi maka magana, kana waya, ka ɗaga mini hannu."

"To me ya hana ka faɗa jiya?"

"Gaban Yayarka? Matar da ba ta da hira sai ƙaninta mai ilimi?" Ya karkaɗe ƙurar hularsa. "Sai dai tun safe mutum biyu suka zo neman magini, suka ga ni ne, suka wuce."

Safiyo ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige.

"Ka yafe mini, Baba."

"Na yafe, ɗana. Amma jiya mu goma sha wani abu ne a wurin. Yau daga ni sai bulo."

Safiyo ya miƙe tsaye. Sannan ya ciro waya.

"Yaya, ki tara leburorin. Ki kira maƙwabcin ma."