Gadon Jirgi a Bakin Wuta

Lesiba yana juya nama a kan murhun ƙarfe a bayan gidan Wynand a garin Benoni, hayaƙi na cika masa ido, amma ransa fes. Wynand, shugaban sashensu, shi ya tara injiniyoyin masana'antar wannan Asabar, ya ce akwai albishir. Albishir ɗaya kuwa kowa ke jira: a koma ƙera jirgin yaƙinsu mai saukar ungulu.

Tun suna samari suka fara aikin jirgin nan tare. An ƙera 'yan kaɗan aka tsaya. Masu saye daga waje sukan zo su kalli tashinsa, su tafa, su ci abinci, su tafi su sayi na wasu. Abokan aiki suka watse zuwa Abu Dhabi. Bara aka nemi Lesiba shi ma, har matarsa ta fara ɗaure kaya, Wynand ya dafa kafaɗarsa ya ce, "Ina za ka, mutumina? Gado na nan a kulle. Ana sa hannu a kwangila, mu ɗora sabon jirgi."

Gado suke kiran ƙaton firam ɗin ƙarfe mai fenti rawaya da ake haɗa gangar jikin jirgin a kai. In babu shi, zanen takarda ba ya zama jirgi. Lesiba ne ya tsara shi. Kuma al'adarsu ce, duk jirgin da ya sauka daga kansa, a yi wa ƙarfen gefe tsaga ɗaya da zarto, a zuba mata giya.

Cokalin juya naman ya suɓuce wa Lesiba. Ya sunkuya zai ɗauka, sai ya ga fenti rawaya a ƙafar murhun, ƙarƙashin baƙin hayaƙi. Ya goge da yatsa. Tsagogi ne a jere, ta ƙarshe a karkace. Ya san ta sarai, ranar zarton ya zame ya yanke masa babban yatsa.

Wynand ya ƙaraso da kwalba biyu yana dariya. "Kai, dattijo, naman nan za ka gasa ko addu'a kake masa?"

"Wynand, wannan ƙarfen daga ina?"

Dariyar ta tsaya. Ya miƙa masa kwalba, ya waiwaya ko wani na ji.

"An yayyanka gadon. 'Yan gwangwan suka kwashe. Na ɗauko guntun nan ne don tunawa."

"Yaushe?"

"Haba, Lesiba, yau ranar..."

"Yaushe, na ce!"

"Bara. Kafin bikin Ista."

Bayan Ista ne kuwa Wynand ya dafa wa Lesiba kafaɗa ya ce gado na nan. Shi kuma da bakinsa ya bi matasan sashen ɗaya bayan ɗaya, yana cewa su zauna, gado na nan. Ga su can gindin bishiya suna cin pap, tuwon masara, suna jiran albishir.

"Da ka tafi, duk sun bi ka," in ji Wynand a hankali. "To wa zai riƙa gyara jiragen da ke tashi? Kwangilar gyaran ce albishir ɗin. Aiki ne shi ma."

Lesiba ya buɗe kwalbar, ya durƙusa, ya tsiyaye ta kaf a kan tsagogin, har ta ƙarshe.

Wynand ya juya yana ƙwanƙwasa kwalbarsa da cokali, jama'a suka fara matsowa. Lesiba ya nufi gindin bishiyar, ya tari matasan tun kafin su miƙe.

"Ku ajiye faranti," ya ce. "Na yi muku ƙarya bara. Ku zo ku ga gado."