Kurfin Magini

Magini ya sake dawo wa maƙeri da kurfin fasa kankare, wannan karon ya rabe gida biyu. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi saura ƙiris ɓarɓashin ya shiga idon abokin aikinsa, ya juya ya tafi.

Maƙerin ya shafa bakin karayar da yatsa, ya ji shi kamar fasasshen tangaran. Ya san inda matsalar take. In ƙarfe ya yi jajir aka tsoma shi a ruwa, yakan yi tauri, amma bugu ɗaya sai ya tsage. Dole a goge bakin, a sake ɗumama shi a hankali ana kallon launi yana gangarowa: ruwan kara, ruwan ƙasa, sannan shuɗi. Ka yi gaggawa ya karye, ka makara ya yi laushi ya lanƙwashe a jikin kankare. Shi kuwa tun bara yanar ido ke rufe masa gani, launukan duk sun koma masa toka-toka.

Ya zauna kan kututture, ya bar wutar tana mutuwa.

Da rana tsaka matarsa ta kawo abinci, ta tarar da shi haka. Ya ce mata ya gaji, rufe maƙerar zai yi. Ta tambaye shi ko uwar maƙera za su riƙa dafawa su ci. Bai yi dariya ba, sai ya gaya mata gaskiyar lamarin.

Ta ɗaure gyalenta a ƙugu. “Ni da nake wuni ina zaɓar launin zare gaban keken ɗinki? Hura wutar, Maigida.”

Karon farko ta tsaya tambaya, har bakin ya yi shuɗi, aikin ya koma farko. Karo na biyu ta ƙura ido, hayaƙi na sa ta hawaye.

“Ruwan ƙasa ya iso baki.”

Ya tsoma, ruwan ya yi cuu. Da ya goga magagari, ya ji yana ci da ƙyar, yadda ya kamata.

Kurfin bai dawo ba. Amma ɗinki ya taru mata a gida, tari kuma ya kama ta, don haka da safe kawai take zuwa. In ta tafi, sai ya ci gaba da bugun da hannu ya riga ya sani, yana jera ƙarafan a gefe su jira ta gobe.