Jan Fenti a Bangon Mama Edna

Har yau idan na ga jan fenti sai gabana ya faɗi. Ni na zaɓe shi, ba wanda ya sa ni.

Mu uku ne a rukunin, 'yan ajin ƙarshe a sashen zanen gine-gine: ni da Bilyaminu da Titus. Aikinmu a kan kwarin da ke cin gidaje a gefen Kagarawal ne. Wata huɗu muna sintiri. Bilyaminu na awo, Titus na jan igiya yana mita, ni kuma ina bi gida-gida ina tambayar mata. A nan na san Mama Edna, tsohuwa mai sayar da kunun gyaɗa, wadda mijinta ya rasu ya bar mata ɗaki biyu. Tsakanin bangonta da bakin kwarin taku tara ne. Ita ta nuna mana hanyar da ruwa ke bi, ita ta sa maƙwabta suka saki jiki da mu.

Dabarar mai sauƙi ce, mu kuwa gani muke babu kamarmu. Kowane gida a shafa masa alama a bango: kore lafiya lau, ja kuma gidan da ya kamata a fara gina wa katangar tare ruwa.

Titus ya ce, "Najeeba, ja fa? Kin san abin da ja ke nufi a bango a garin nan."

Na ce ya cika tsoro, ai za mu yi bayani a rahoto. Wa ke karanta bayani?

Mama Edna da kanta ta riƙe min gwangwanin. "Shafa da yawa, 'yata, su hango daga nesa."

Ranar baje kolin ayyukan ɗalibai aka yi ta tafa mana. Wani jami'in gwamnati ya yaba, ya nemi kwafin taswirar. Na ba shi har da sunayen masu gidajen, ina ta washe baki.

Katanga ba ta zo ba. Katafila ce ta zo, ana gab da damina. Gida goma sha bakwai masu jan fenti aka rushe, aka ce bincike ya tabbatar suna cikin haɗari. Bincikenmu ke nan. Bilyaminu ya daina ɗaukar waya. Titus bai yi min gori ba, gara ma da ya yi.

Washegari da hantsi na je. Na tarar da Mama Edna zaune kan turmi a tsakiyar ɓaraguzai, tana tsintar cokula cikin ƙasa. Na durƙusa a gabanta ina hawaye. Wallahi so na yi ta zage ni, ko ta kwaɗa min mari in samu sauƙi.

Sai ta share min hawaye da gefen zanenta.

"'Yata, kun dai ci jarabawar ko?"

Na ce mun ci.

"To, Allah ya sa albarka," in ji ta, ta ci gaba da tona ƙasa.