Kitson Innarta

Ƙwal-kwabo na tsugunne a bayan gidan abinci tana wanke kwanuka, amma idonta na kan sabuwar yarinyar da mota ta sauke ita kaɗai ranar nan. Ɗankwalin yarinyar ya zame. Kitso ne ƙanana-ƙanana, tsaga miƙe kamar an ja da zare.

"Wa ya yi miki?" in ji Ƙwal-kwabo.

"Innata. Ta ce kar in tsefe sai na koma gida."

"Koma gida!" Ƙwal-kwabo ta yi tsaki. "Mu ma haka aka ce mana."

Ita ma da kitson uwarta ta zo bara. Uwar ɗakinsu ta ga ƙwarƙwata, ta sa aka aske ta tas, sunan ya bi ta. Kafin gashin ya tsiro aka aiko mahaifiyarta ta rasu. Yanzu kan duk ya cukurkuɗe, ba mai taɓawa.

Har masu cin abinci sun fara kiran sabuwar. "Ke mai kitso, kawo ruwa!" Ita Ƙwal-kwabo kuwa ko kallo.

Da rana ta sami uwar ɗakin tana yanka albasa.

"Anti, sabuwar nan sai susar kai take yi. Na ga abu na tafiya."

Anti ta ajiye wuƙa. "A inda nake sayar da abinci?" Ta laluba aljihun tebur, ta miƙo almakashi. "Ke kika gani, ke za ki yanke. Maza, kafin mutane su taru."

Yarinyar ba ta yi gardama ba. Ina za ta? Ta zauna a kan bokiti kife, hawaye na sauka a gwiwarta. Ƙwal-kwabo ta tsaya a kanta tana bin tsagar da yatsa. Fatar kan fes, ko ƙwan ƙwarƙwata ɗaya babu. Ƙamshin man da aka shafa bai gama fita ba. A ƙeya, jelar ƙarshe ta ɗan karkace, irin ta hannun da ya gaji amma ya ƙi bari. Haka innar Ƙwal-kwabo ma take ƙarasawa.

"Yaya," in ji yarinyar a hankali, "don Allah ki tara mini su, kar a share. Ke ina kika ajiye naki?"

"Rufe mini baki. Sunkuya."

Nata kitson a kwata aka zuba.

Daga ciki Anti ta ɗaga murya: "Ba ku gama ba?"

Almakashin ya kama aiki. Jeloli suka riƙa faɗowa a cinyar yarinyar, tana tattarawa tana ƙullewa a bakin zane. Da yarinyar ta shafa kan ta ji ba saura, ta tashi ta nufi wajen kwanuka.

Karkatacciyar ta ƙeya ce kawai ba ta faɗo ba. Ƙwal-kwabo ta dunƙule ta a hannu, ta tura cikin rigarta.