Notunan Orval masu ƙyalli

Duk Asabar ɗin ƙarshen Agusta ake baje tsofaffin motoci a filin bayan coci, kuma shekara goma sha ɗaya a jere Merle ke ɗauke kofin rukunin motocin da aka mayar yadda suka fito daga kamfani. Mijin ƙanwarsa, Orval, maƙwabcina, duk shekarun nan yana tafa masa da haƙora a cije.

Bana Orval ya rantse sai ya karɓe kofin. Ya jawo akori-kurar marigayi babansa, ƙirar 1953, daga rumbun masara inda kaji suka mayar da ita gida. Ya gyara inji, ya yi fenti kore, ya goge sabon katakon bodi har kana ganin fuskarka. Saura notunan da za su ɗaure bodin a jikin shasi.

Matarsa Lavonne ta fito masa da wani gwangwanin gahawa. A cikinsa tsohon ya jiƙa notunan motar na asali a baƙin mai tun kafin ya rasu, suna nan lafiya lau, baƙaƙe, munana.

"Ga na babanka, sa su," in ji ta.

"Waɗannan? A kan katakon nan? Haba, Lavonne."

"To, injiniya. Kai ka sani."

Ya yi odar na ƙarfen da ba ya tsatsa, farare tas kamar cokulan biki. Ya ɗaure su da injin ɗaure noti mai aiki da iska, a bushe, ko ɗigon giris babu. Daga barandata nake jin tar-tar-tar, ina ɓare wake.

Ran Laraba Merle ya zo wai aron tsani. Ya zagaya motar hannu a aljihu, ya leƙa bodin.

"Suruki, ashe a hamsin da uku da azurfa kamfani ke ɗaure mota? Ni a sanina baƙin ƙarfe ne."

"Ɗauki tsaninka ka kama gabanka."

"Na tafi. A gaida mai ƙyalli."

Yana fita Orval ya ɗauko sifana zai kwance notunan. Ai kuwa ko gezau. Irin wannan ƙarfen, in an ɗaure shi a bushe da gaggawa, zarensa cije juna yake yi, ba gaba ba baya. Sai dai a yanke, yankan kuma sai ya ɓata katakon da ya yi wata biyu yana gogewa, ga shi saura kwana uku. Kalmomin da suka tsallako shinge ran nan, ban san dattijon coci ya iya su ba.

Washegari na hango shi da ɗan buroshi, yana bin kan kowane noti da baƙin fenti. Ya ɗago, muka haɗa ido.

"Goggo Opal, ba ki ga komai ba."

"Ni da idona ya mutu? Me zan gani, ɗan nan?"

Mutum ɗaya tak na faɗa wa, mai gyara mini gashi. Ban lura matar Wendell, alƙalin gasar, na kujerar kusa ba. In ma na lura, na manta.

Ran Asabar Wendell ya zo da takardarsa. Ya duba inji ya gyaɗa kai, ya shafa katako ya ce madalla. Sai ya zaro ɗan maganaɗisu daga aljihu, irin wanda ake manna wa firji, abin da bai taɓa zuwa da shi ba. Ya ɗora a kan ƙarfen gefen bodi, ya kama ƙam. Ya ɗora a kan noti, ya zame ya gangara har ƙasa. Ya gwada na biyu, haka. Ashe ƙarfen da ba ya tsatsa ba ya kama maganaɗisu, ko da an shafa masa fenti.

"Orval, notunan nan naka ba sa son baƙo," in ji shi, ya yi rubutu.

Merle ya ɗauki kofi na goma sha biyu. Orval ya tafa.

Ran Lahadi, muna fitowa daga coci, aka fara jin zarto daga garejin Orval. Lavonne ta ajiye masa gwangwanin notunan babansa a bakin ƙofa, da robar giris a kai, ta shigo wurina shan shayi. Katako uku ya ɓata kafin la'asar. Na ƙirga.